Gemun Tsoho a Bayan Gidan Madam Loreta

Tun da na dawo Batsari ban huta da tambaya ba. Matan da muke zuwa islamiyya tare, maƙwabta, har mai markaɗen bakin layinmu, kowa sai ya ce, "Malama Hajara, yaya Amurka?" In na ce lafiya lau, sai su ce ba gaisuwa suke yi ba, labari suke so. In kuwa na fara, sai in ga jikinsu ya yi sanyi, don su dogayen benaye da ƙanƙara suke jiran ji, ni kuma abin da ya fi tsaya mini a rai wani tsiro ne mai kama da furfura, da tsohuwar da take renonsa. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi daga tushe, kowa ya karanta, bakina ya huta.

Ni malamar firamare ce, a ƙasar Safana na yi koyarwa har na yi ritaya. Gidanmu yana wani ƙauye gaba da Runka kaɗan. Shekara biyar ke nan da muka baro shi, lokacin da 'yan bindiga suka hana mu noma suka hana mu barci. Muka dawo Batsari, kuma a nan Allah ya yi wa Malam, mijina, rasuwa. Autata Rukayya tana aure a Amurka, mijinta Bashir yana karatun likitan dabbobi a wata jiha da ake kira Ohayo. Da cikinta na fari ya tsufa suka ce lallai in zo in yi mata jego. Zancen takardar izinin shiga ba zan gajiyar da ku da shi ba, sau biyu na je Abuja kafin a ba ni.

Na bar Batsari wata Talata da hantsi a ƙaramar bas mai zuwa Katsina, ƙanena Sani yana rakiya. Jakata biyu: ɗaya tufafi, ɗaya kanwa, yajin jego, garin kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, kilishi da busasshen ganyen darbejiya na wanka. A shingen sojoji na biyu wani soja ya tambayi direba ina tsohuwa za ta da wannan uban kaya. Direba ya ce Amurka. Sojan ya yi dariya har da dafa mota, ya ce mu wuce, in gaishe su.

Ban taɓa hawa jirgi ba, ko Makka Allah bai kira ni ba tukuna. Na farko da idona a rufe na yi shi. Na biyu, wanda muka canza a wata ƙasar Turai, shi ne na samu wurin taga. Mun tashi da rana tsaka. Na yi ta duba agogona ina jiran Magariba, agogo ya ce lokaci ya yi har ya wuce, rana kuwa tana nan ƙyam a sama ta ƙi motsi. Hankalina ya tashi. Kusa da ni wata mata ce 'yar Kumasi, Hausarta irin ta 'yan zango, ta ga ina ta leƙe.

"Hajiya, rana muke bi," in ji ta. "Yamma take tafiya, mu ma yamma muke tafiya. Ki bar agogo, ki bi abin da idonki ya gani."

Na yi shekara talatin ina zana wa yara duniya da rana a allo. Ranar na gane ashe ni ma hadda kawai na yi.

A filin jirgin Amurka, muna jiran kaya, sai ga wani ɗan ƙaramin kare sanye da riga ya zo ya zauna gaban jakata yana kallona. Na tattare zanina na ja baya. Mai riƙe da shi ya ce in biyo shi. Aka baje kayana a tebur. Kilishi suka fara ɗaukewa, suka ce nama ba ya shiga ƙasarsu. Da ma'aikacin ya buɗe ƙullin daddawa ya sunsuna, sai da ya juya baya ya yi numfashi kafin ya dawo. Kanwa ce ta fi ɗaure musu kai, har su uku suka taru a kanta. Turancina na firamare ne, nasu kuma ta hanci yake fita. Na ce musu gishiri ne na mai jego, na ɗebi ɗan guntu na lasa a gabansu. Suka dubi juna, suka maida mini kayana, ban da kilishi da ganyen darbejiya.

Gidan da su Rukayya suke na katako ne, hawa biyu. Su suna sama, mai gidan tana ƙasa. Sunanta Madam Loreta, baƙar fata, doguwa, ta doshi tamanin, tana dogara sanda. Aikin jinya ta yi har ta yi ritaya, kuma ita kaɗai take zaune. Ranar da na iso ta fito ta rungume ni kamar ta san ni, ta ce mini "Mama", alhali ta girme ni da shekara goma sha biyar.

Kwana tara da zuwana Rukayya ta sauka, namiji, aka sa masa sunan Malam, muna ce masa Abba. Abubuwan da na gani a kwanakin nan suna da yawa. Suruki ya ɗaura gyauto ya shiga kicin, ya dafa, ya kawo mini har gabana ya zauna yana jiran in ci; sai da Rukayya ta ce masa ya tashi ya ba ni wuri. Ranar suna mutum goma sha ɗaya na ƙirga, har da liman. Maƙwabta ba wanda ya shigo barka, sai katin gaisuwa aka turo ta ƙarƙashin ƙofa. Ranar da na fara dafa ruwan wankan jego a babbar tukunya, na bar wata 'yar tukunyar kunu ta ƙone, sai wani abu a rufin ɗaki ya kama ihu kamar an yanka shi, ashe na'urar gano hayaƙi ce. Madam Loreta ta hauro da kyar da sandarta, ta zungure shi ya yi shiru, ta zauna ta sha kunun kanwa kofi ɗaya, ta ce a ƙara mata.

Duk tsawon lokacin ban leƙa bayan gida ba, saboda sanyi. Sai wata Lahadi a tsakiyar watan Mayu gari ya waye da zafi sosai. Bashir ya tafi asibitin dabbobi, Rukayya da jariri suna barci, Madam Loreta ta tafi coci, kuma ranar Lahadi ba ta dawowa sai bayan La'asar. Na ce matar nan ta yi mana kirki, bari in share mata tsakar gida. Na samu manjagara jingine da bango na fara aiki.

Bishiya ɗaya ce a wurin, babba. Da na ɗaga kai sai na ga rassanta na ƙasa duk wani abu ya lulluɓe su, toka-toka, yana reto kamar gemun tsoho, wani ya kai tsawon hannuna biyu. Ku kun sani, a wurinmu duk abin da ya hau bishiya ya zauna ba shi da tushe a ƙasa, kauci ne, kauci kuwa sai ya ga bayan bishiya. Da idona na ga ya cinye kaɗanyar gonarmu. Na ce kaico, tsohuwa ba ta da mai taimaka mata, cuta za ta kashe mata inuwa. Na sa manjagara na kakkaɓo shi tas. Na lura wasu an ɗaure su da siririyar waya, na ɗan yi mamaki, amma ban tsaya ba. Rabi na tara a kan kwaltar da ake ajiye mota don ya bushe a ƙona, rabi na cusa a baƙar ledar shara na ƙulle bakinta na bar ta a rana. Na hau sama ina jin daɗin kaina.

Bayan La'asar na ji motar da ke kawo ta. Na leƙa ta taga don in ga murnarta. Ta sauko, ta tsaya gaban tulin da ke kan kwalta. Ta daɗe a tsaye. Daga nan ta saki sandar, ta durƙusa da kyar, ta fara kwasar abin tana zubawa a cikin farar rigarta ta coci. Ba ta kira kowa ba.

Rukayya ta zo bayana ta leƙa.

"Inna, ke kika sauko da shi?"

"Kauci ne. Zai kashe mata bishiya."

"Inna, ba kauci ba ne. Shekara kusan ashirin tana renonsa. Satin da ya wuce ta fito da shi daga ɗaki."

Ta miƙa mini jariri ta sauka da gudu. Ina kallo suka kwance ledar, tururi ya fito. Madam Loreta ta kwashi abin da za ta iya ta shige ɗakinta ta rufe ƙofa.

Da Rukayya ta dawo ta ba ni labari. Matar ba 'yar Ohayo ba ce. A can kudu aka haife ta, a Luwiziyana, kusa da teku, inda wannan tsiro yake fitowa da kansa a kan manyan bishiyoyi. Su suna ce masa sufanish mos. Wata shekara guguwa ta turo ruwan teku ya ci garinsu, ita da mijinta suka tsira da kayan jikinsu. Da ruwa ya janye suka koma dubawa, ba gida, sai matakala da bishiyar ƙofar gida. Mijin ya miƙa hannu ya tsinko cikin tafi ɗaya ya sa a aljihu. Suka yo arewa wurin aiki, bayan 'yan shekaru ya rasu. Wannan cikin tafi ɗayan shi ne ya yaɗu ya cika rassan da na kakkaɓe.

Ban iya cin abinci ba ranar. Washegari da sassafe na sauka, na cire takalmi a ƙofarta, na ƙwanƙwasa. Da ta buɗe na durƙusa har ƙasa na ce ta yafe mini. Ta firgita, don su ba su san durƙuso ba. Ta ce in tashi, na ƙi. Ta dube ni, idanunta sun kumbura, sannan ta yi magana a hankali yadda zan gane.

"Ba na iya ɗaukar bokiti. Ke kina iyawa?"

Na ce ina iyawa.

"To tashi. Akwai ganga a bayan gida, ruwan sama ne a ciki. Na famfo ba ya yi masa."

Na cika mata baho. Muka zuba tsiron a ciki, ta ce in zuba ido. Wallahi ban taɓa ganin irin wannan ba. Abin da yake toka-toka kamar tsohon zare, kafin a karanta Fatiha bakwai sai ya fara juyawa kore, kore mai haske kamar sabon tsiron gero. Amma ba duka ba. Wanda ya wuni a saman tuli ya sha rana ya tsaya ja, yana karyewa a hannu. Na cikin leda da yawa ya dafe ya yi baƙi. Muka zauna muna tsincewa silli-silli kamar masu tsince shinkafa, mai rai gefe, matacce gefe. Da muka gama, kashi ɗaya cikin uku ya rage.

A nan ta fara koya mini, kuma karatun bai ƙare ba har na baro ƙasar. Ta nuna mini ba shi da saiwa ko ɗaya. Ba ya shan komai daga jikin bishiya, rataya kawai yake yi. Ruwansa da abincinsa daga iska da ruwan sama yake samu ta wasu 'yan ɓawo-ɓawo da ke jikinsa, su ne suke sa shi furfura in ya bushe. Na ce to me ya kashe shi, tunda a ƙasar zafi aka haife shi?

"A can ma a ƙarƙashin ganye yake zama," in ji ta. "Yana son haske da yawa, amma ba ya son rana ta kalle shi ido da ido. Wannan kuma wata bakwai ya yi a ɗaki, jikinsa ya yi laushi. Ko mutum ne ya daɗe a kwance, ba ka fito da shi tsakar rana."

Muka rataye wanda ya tsira a tagar ɗakinta mai kallon gabas, bayan wani siririn farin labule, ta kunna masa fanka kaɗan don ya bushe bayan jiƙo, ta ce in ya kwana da lema zai ruɓe. Sai ta kama hannuna ta ɗaga shi kamar taƙi ɗaya daga jikin tsiron, ta ce in dubi inuwarsa. In inuwar ta fito da kaifi har ana ƙirga yatsu, hasken ya yi yawa. In ba inuwa sam, yunwa zai ji. Wadda ake so ita ce inuwa mai laushi, ana ganinta amma bakinta ya narke. Wannan ne ma'auninta, ba ta da wani.

Ni kuwa da na ji rana ce ta yi ɓarna, sai na ce bari in yi dabara. Na ɗauki ɗan guntu na ɓoye a ƙarƙashin matakalar bene, inda ba haske, ina yayyafa masa ruwa kullum, da nufin in ya yi kyau in ba ta mamaki. Bayan sati biyu ya sirance, ya yi duhu, ya fara wari. Na kai mata a kunyace. Ranar ce ta fara yi mini dariya tun bayan abin da ya faru, ta yi har da share hawaye.

"Mama, kin gasa shi, kin dafa shi, yanzu kuma kin kulle shi a kurkuku. Saura me?"

Bayan sati uku muka fara fito da shi waje. Ba gaba ɗaya ba. Ranar farko awa ɗaya da safe, na maida shi. Bayan kwana biyu awa biyu. Haka har ya saba, sannan muka ɗaure shi a rassan gabas, inda zai sha ranar safe, kafin Azahar ganye ya rufe shi. Wani kaso ta bar shi a ɗaki, ta ce ba ta ƙara zuba dukiyarta duka a wuri ɗaya. Da aka shiga Yuni da Yuli rana ta ƙara tsayi da zafi, sai ta sa na matsar da na waje can cikin bishiya, na ɗaki kuma aka ja shi baya daga gilashi, don gilashi yana tara zafi. Kullum bayan sallar Asuba da azkar sai in sauka, in tarar ta dafa shayi, mu fita mu yi ta ɗaga hannu a ƙarƙashin bishiya kamar masu addu'a. Maƙwabcinta ya taɓa tambayar Bashir ko wata ibada ce.

A watannin nan ne na ga abin da ya fi jirgi ba ni mamaki. Mu nan rana ba ta da wani sauyi mai yawa, da ruwa muke ƙirga shekara: damina, kaka, rani, bazara. Su da haske suke ƙirgawa. A watan Yuni sai ƙarfe tara ta wuce ake kiran Magariba, yara suna wasa a waje, ni kuma barci yana fizgata ina jiran salla. Madam Loreta ta ce in jira hunturu in ga akasin haka, ƙarfe biyar duhu ya rufe, ranar ma a kwance take tafiya ta gefen kudu, ba ta hawa tsakiyar sama. Ta buɗe kabad ta nuna mini wata doguwar fitila. Ta ce da zarar sanyi ya kusa fara daskarar da ruwa sai ta kwashe tsiron duka zuwa tagar kudu, ta cire labule, ta manna shi kusa da gilashi, ta kunna masa fitilar nan awa goma sha biyu kullum, nesa da na'urar ɗumama ɗaki. Ranar da ake ɓoye masa a watan Yuli, ita ake roƙo a watan Janairu. Shekara kusan ashirin tana wannan jigila, shiga da fita.

Wata safiya muna jiƙo ta tambaye ni garinmu. Rukayya tana zaune da Abba, ta taya ni da fassara. Na gaya mata yadda muka fito, da abin da muka bari: rumbu biyu cike, rijiya, ɗakin da na haifi 'ya'yana duka.

"Me kika ɗauko?"

"Tukunya ɗaya da Alƙur'anin Malam."

"Kin koma kin gani?"

Na ce a'a. Hanya ba kyau, kuma ko da kyau ban san ko zuciyata za ta ɗauka ba.

Ta ci gaba da juya tsiron a ruwa. Ta ce ita ma tun ranar da mijinta ya tsinko shi ba ta sake taka wurin ba. Kullum sai ta ce baɗi. Da Bashir ya ji wannan zance da yamma, sai ya ce yana da hutu a watan Agusta, in tana so zai tuƙa mu. Ta ce za ta yi tunani. Washegari na tarar ta fito da akwati.

Kwana biyu muka yi a hanya, mu biyar har da Abba. Mun yada zango a wani masauki na bakin titi, ba buta a banɗaki, sai gorar ruwa na yanke wa baki. Katifarsu kuwa in ka kwanta kamar ka faɗa rijiya, na shimfiɗa bargo a ƙasa. Muna gangarawa kudu iska tana ƙara nauyi, har ta koma kamar tsakiyar damina a fadama, zufa ba ta bushewa. Muka sauka gidan 'yar ƙanwar mahaifiyar Madam Loreta, Madam Banadet, gajeruwa mai yawan magana. Ta dafa wata miya mai kauri a kan shinkafa, na ɗaga cokali sai na ga kuɓewa. Ta yi mana tukunyarmu daban da kifi da jatan lande, ba naman alade, har sabon ludayi ta saya. Na fito da busasshiyar kuɓewata na nuna mata, ta sunsuna, ta ce kakarta haka take shanya ta a rufin ɗaki.

Da safe muka kama hanyar tsohon garinsu. Bashir ya karya wata kwana, sai kawai muka shiga ƙarƙashin bishiyoyin.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ku ɗauki babbar tsamiyar da kuka sani, ku haɗa uku, rassanta su miƙe su sunkuyo har su taɓa ƙasa su sake tashi. Irinsu a jere hagu da dama, sun haɗe a sama. Kowane reshe kuma gemun tsoho ne ke zuba daga gare shi, wani ya fi tsayin mutum biyu, dubbai, iska tana kaɗa su gaba ɗaya a hankali. Ranar safe tana ratsowa ta cikin ganye ta sauka a kansu, sai su yi kamar azurfa. Na ce Bashir ya tsaya. Na fita na tsaya a tsakiyar hanya, bakina ba abin da yake fita sai Subhanallah. Abin da muka yi wata uku muna lallaɓawa da labule da fanka da ruwan ganga, ga shi nan Allah ya zuba shi ba mai ba shi ruwa, ba mai matsar da shi. Na ɗaga hannuna a ƙarƙashin wani reshe. Inuwar ta fito da laushi, daidai yadda ta koya mini.

Da muka isa, filin gidan Madam Loreta ciyawa ce ta rufe shi. Matakala uku na siminti suna tsaye, ba su kai ko'ina ba. Bishiyar tana nan. Madam Loreta ta taka a hankali ta zauna a matakala ta biyu, ta ɗora sanda a cinya. Ta nuna mana inda kicin yake, da tagar da take hango mijinta in ya dawo daga kamun kifi. Muka ja gefe muka bar ta.

Can Bashir ya matso da leda, ya ce bari ya cika mata, ta maye gurbin wanda ya lalace. Ta girgiza kai.

"Na gida shi ne wanda hannun mijina ya taɓa. Ya ishe ni."

Sai ta buɗe jakarta ta fito da ɗan ƙulli a cikin hankici. Guntu ne daga wanda muka ceto. Ta miƙo mini.

"Mama, ke kika iya sauko da shi. Yau ki mayar."

Na zagaya bishiyar na samu reshen gabas wanda hannuna zai kai, na rataye shi a cikin 'yan'uwansa. Da na ja baya taku uku na kasa gane wanne ne.

A ƙarshen Satumba rana ta fara gajarta, Magariba ta dawo bakwai da 'yan mintoci, ganyen bishiyar bayan gida ya soma ja. Sati ɗaya kafin tafiyata muka kwashe na waje zuwa tagar kudu, Bashir ya ɗaura fitila, na nuna wa Rukayya yadda ake jiƙo da yadda ake duba inuwa, don ƙafar tsohuwa ba ta ƙara kai ta bayan gida da bokiti. Tsiron ya ƙaru, ko da yake bai kai rabin yadda na same shi ba. Madam Loreta ta so ta ba ni guntu, Bashir ya ce ba a tsallaka iyaka da ɗanyen tsiro, kuma ranin Katsina ba zai bar shi ya kai bazara ba. A bakin ƙofa ta riƙe hannuna biyu ta ce, "Ki je ki ga gidanki. Kada ki jira shekara ashirin."

Na dawo da wata biyu aka ce hanyar Runka ta ɗan lafa, ana bi ranar kasuwa in an taru da yawa. Na ce wa Sani ya kai ni. Ya yi ta kawo uzuri, na ce in bai kai ni ba zan hau babur ɗin haya. Muka je Safana a mota, daga nan babur, cikin ayari, da rana tsaka.

Rumbunan sun zube. Rufin ɗakin Malam ya rufta, wani ya shuka gero a tsakar gidan har an girbe, sai kara. Rijiya tana nan da ruwanta. Ɗakina bango biyu ya rage, da ƙofar langa-langa a tsaye, har da sakatarta. Malam Idi, maƙwabcinmu na da, ya dawo shi da iyalinsa tun bara. Ya zo muka gaisa, muka yi wa juna ta'aziyyar waɗanda aka rasa, ya ce, "Malama, dawowa za ku yi?" Na ce na dai zo in gani. Na zauna a dokin ƙofa kamar awa ɗaya, har Sani ya ce ayari zai juya. Kafin mu tashi na sa ya ɗauke ni hoto, muka tura wa Rukayya da muka samu sabis a Safana, na ce ta sauka ta nuna wa tsohuwa.

Washegari saƙon murya ya shigo. Muryar Madam Loreta ce tana magana tana dariya, Abba yana gwalantu a kusa, sannan Rukayya ta karɓa.

"Inna, ta ce a gaya miki kin fi ta. Ke har ƙofa kika samu."